Waɗanda hamada ta riƙe, da gidajen da ke jiransu

A ƙasar Hausa idan mutum ya rasu akwai hanyar da kowa ya sani: a yi masa wanka da sutura, a sallace shi, a kai shi makwancinsa, a yi zaman makoki, matarsa ta shiga takaba, daga baya magada su raba abin da ya bari. Kowane mataki yana rage wa iyali wani nauyi, har rai ya dangana. To amma akwai gidaje da dama, daga Kance zuwa Tasawa, daga Madawa zuwa Buza, inda ba a yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, alhali maigida ya shekara goma ko fiye ba a ji ɗuriyarsa ba. Ya tafi biɗa Libiya ko Aljeriya, ya bugo waya sau ɗaya daga Agadas ko Arlit, daga nan sai shiru. A kan waɗannan gidaje za mu yi magana a wannan mako.

Ƙasar nan ta ga fuskar wannan masifa a watan Oktoba na shekarar 2013, lokacin da aka tsinci gawawwaki 92 a hamadar arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7, mafi yawansu ƴan wajen Kance, cikin jihar Damagaram. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. An binne su a inda aka same su, gwamnati kuma ta sa aka yi makokin kwana uku. A cikin 2017 wasu mutum 44, ƴan Gana da Nijeriya, suka mutu haka nan tsakanin Agadas da Dirku. A duka biyun an san labarin ne saboda wasu sun tsira, sun taka da ƙafa har suka iske mutane. Motar da ba wanda ya tsira a cikinta kuwa, yashi ne ke rufe ta da labarinta.

Hatsarin ya ƙaru bayan dokar watan Mayu na 2015 da ta haramta safarar baƙin haure. Da aka fara aiki da ita sosai a 2016, direbobi suka riƙa kauce wa shingen jandarmomi, suka bar hanyoyin da aka sani da rijiyoyinsu, suka shiga inda mota in ta mutu ba mai wucewa. An soke dokar a watan Nuwamba na 2023, amma waɗanda suka ɓace a waɗannan shekaru ba su dawo da sokewarta ba. A gefen Aljeriya kuma, mutanen da ake korowa akan sauke su a wani wuri da ake kira "Point zéro", su taka kimanin kilomita 15 cikin rairayi kafin su kai Asamaka, kuma ba kowa ke isa ba.

Rashin sani ya fi dare duhu, in ji masu iya magana, kuma a cikin wannan duhu matar wanda ya ɓace take zaune. Ba ta da miji a ɗaki, ba ta kuma da ikon yin takaba. In ta yi zancen sabon aure, dangin miji su ce ta yi masa fatan mutuwa. In ta zauna, ita ce ci da sha da tufafin yara, da kuɗin lakwal da na magani. Uwar mijin kuwa, duk wanda ya sauka a tasha daga Sabha ko Tamanrasat sai ta aika a tambaye shi. Wani ya ce ya gan shi a gidan kaso, wani ya ce ya yi aure a can, wani macuci ya karɓi kuɗi da sunan zai nemo shi. Da haka akuya da tunkiya ke ƙarewa a gidan, wajen masu duba da masu kawo labarin ƙanzon kurege.

Ƴan kasuwa sun san ɗaya gefen matsalar. Wanda ya ɓace yakan bar bashi a kansa ko a kan wasu, ko hannun jari a rumfa, ko gonar gado da ba a raba ba. Mai bin bashi ba ya iya kama magada, tunda ba a tabbatar da mutuwa ba. Ƴan'uwa ba su iya sayar da gonar, tunda mai kaso ɗaya ba ya nan. Ma'aikata ma sun san cewa asusun fansho ba ya biyan matar mamaci sai da takardar mutuwa ko hukuncin kotu. Shekaru suna wucewa, dukiya tana lalacewa, zumunci yana tsinkewa a kan abin da ba wanda ke da ikon yankewa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne shari'a ta daɗe da tanadar wa wannan hali mafita. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke la'akari da ita a sha'anin aure da gado tare da malamai masu ba alƙali shawara, ana kiran irin wannan mutum mafƙudi. Tun zamanin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi aka yanke cewa matarsa za ta jira shekara 4, sannan ta yi iddar wata 4 da kwana 10, daga nan aure ya halatta gare ta. A cikin shekarun jiran ana ciyar da ita daga dukiyar mijin. In kuwa bai bar abin ciyarwa ba, tana da ikon neman alƙali ya raba auren ba tare da ta cika shekara huɗun ba. Dukiyarsa kuma ba a raba ta sai ya kai shekarun da tsaransa ba su cika wucewa ba, wanda mafi shahara a wurin malamai shi ne 70. Malamai sun kuma bambanta wanda ya ɓace cikin zaman lafiya da wanda ya ɓace a fagen yaƙi ko cikin annoba.

Sai dai a lura da wani sharaɗi: shekara huɗun nan ba daga ranar da mutum ya bar gida ake ƙirga su ba. Ana fara ƙirgawa ne bayan matar ta kai magana gaban alƙali, an yi bincike an rasa labari. Ke nan macen da ta shekara goma sha biyu tana jira a ɗaka, ba ta kai ƙara ba, a idon shari'a ba ta fara jira ba tukuna. Kunya ce ke hana wasu zuwa, wasu tsoron a ce sun fid da rai, wasu kuma, a lokacin waccan doka ta 2015, tsoron kada a tambaye su wa ya ɗauki mijin a mota. Wannan shirun ya ci amarcin mata da yawa da ƙuruciyarsu.

Darajar rubutaccen suna, maƙwabtanmu na Cadi sun shaida ta. A mulkin Hisen Habre, daga 1982 zuwa 1990, ƴan sandan asirinsa na DDS sun kama dubban mutane da iyalansu ba su sake gani ba. A 2001 aka gano takardun hukumar a tsohon ofishinta na Njamena, ɗauke da sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare. Da waɗannan takardu iyalai da yawa suka san gaskiya, da su kuma aka kafa hujja har kotun Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2016. Azzalumi ma ya bar rajista. Hamada ba ta rubuta sunan kowa, don haka sai mu rubuta da kanmu tun kafin mota ta tashi.

Yanzu da motoci suka koma fita a fili daga Agadas, babu hujjar da za ta hana kowane shugaban tasha riƙe littafi: sunan fasinja, garinsu, lambar wayar wani nasa, lambar motar da sunan direba. Attajiran da ke da motoci a kan wannan hanya su wajabta wa yaransu haka, domin dukiyarsu ma tana cikin abin da ake tsarewa. Magadan gari da hakimai su buɗe rajistar waɗanda suka tafi ba a ji labarinsu ba, unguwa unguwa, ƙauye ƙauye. Iyalai kuma su sani cewa ƙungiyar Croix-Rouge ta Nijar tana da sashen neman waɗanda suka ɓace da sada dangi, kuma ba a biyan ko dala. Ana zuwa da hoto, da cikakken suna, da ranar da aka yi magana ta ƙarshe da wurin da ya ce yana.

Ga iyaye da surukai kuwa, roƙonmu shi ne ku raka matar ɗanku gaban alƙali da kanku. Yin hakan ba ya kashe wanda Allah ya raya, kuma in ya dawo ƙofar gidansu a buɗe take. Amma yarinyar da aka aurar tana da shekara 17, ta kai 30 tana duban hanya, haƙƙinta yana wuyan waɗanda suka san hukuncin suka yi shiru. Allah ya bayyana na raye, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.