Ra'ayinmu: Mai ciwon baya, inji ko sandar ƙarfe?

A gidajen motsa jiki da ke ta ƙaruwa a biranenmu akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: mai ciwon baya da ke son ƙarfafa jikinsa, ina zai dosa? Wasu masu horarwa sun ce ya tsaya kan inji, kada ya kuskura ya taɓa sandar ƙarfe. Masu ɗaga ƙarfe kuwa sun ce inji aikin malalata ne. Sai ɓangare na uku, waɗanda suka fi yawa, masu ganin mai ciwon baya ba shi da abin yi sai kwanciya da haɗiyar magani.

Waɗannan na ukun ba su da hujja. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma ana hasashen za su kai miliyan 843 nan da 2050. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon ba a samun wata takamaiman cuta da za a ɗora wa laifi. A ƙa'idojin da hukumar ta fitar a Disamba 2023 kan ciwon baya da ya daɗe, motsa jiki cikin tsari na cikin abin da ta amince da shi, ta kuma ja kunne kan dogaro da ɗamarar ƙugu da ƙwayoyin kashe zafi dangin tramadol. Ko hoton MRI bai isa ya kwantar da mutum ba. Wani nazari na 2015 ya gano cewa a cikin mutanen da ba sa jin ciwon komai, kashi 30 na 'yan shekara 20 faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu ya ɗan turo, a 'yan shekara 80 kuwa kashi 84 ne.

Masu goyon bayan inji suna da abin faɗa. Tun asali don marasa lafiya aka ƙera shi: likita ne ɗan ƙasar Siwidin, Gustav Zander, ya buɗe cibiyar irin waɗannan injuna a birnin Stockholm a 1865. Inji na ba mutum majingina, ya tsara masa hanyar da nauyi zai bi, sannan a wasu injunan ana ƙari ko ragi ta hanyar sauya ƙusa kawai, ba sai an sunkuya ana ciccibar faranti ba. Ga wanda tsoro ya kama, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma zama kan kujera ba ya nufin baya ya tsira. Ɗauki injin da ake kishingiɗa a tura nauyi da ƙafafu. Mutum ya loda faranti, ya saki nauyin har gwiwoyinsa su kusa taɓa ƙirji. A daidai wannan lokacin kwankwaso kan ɗago daga majingina, ƙasan baya ya lanƙwashe, nauyin ya koma kan ƙasusuwan ƙugu na ƙarshe, inda faifai ya fi yawan zamewa. Da yake ba ya fargabar faɗuwa, sai ya ɗora abin da ba zai taɓa iya ɗauka a tsaye ba. Ga kuma injin da ba a daidaita kujerarsa da tsawon mai hawa ba, wanda kan tilasta wa jiki bin hanyar da ba tasa ba.

Hujjar masu ƙarfe ita ce, rayuwa ba ta da majingina. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, kuma daga ƙasa ake ɗaukarta. Haka buhun hatsi, haka yaro mai rigima. Ɗaga ƙarfe a tsaye na koya wa tsokar ciki da ta gadon baya da ta ɗuwawu yin aiki tare, kuma wannan haɗin kai ne ke tsare ƙashin baya. A garin Umea na Siwidin an gwada marasa lafiya 70 a binciken da aka wallafa a 2015: rabi suka riƙa ɗaga sandar ƙarfe daga ƙasa, rabi suka yi atisaye mara nauyi. Ciwo ya ragu a duka ɓangarorin. Sai dai waɗanda suka fi amfana da sandar su ne masu ciwo kaɗan da kuma juriyar tsokar baya tun farko, kuma komai a gaban ƙwararren mai gashin ƙashi aka yi shi.

Nan ne gizo ke saƙar. A lungunanmu, samari kan cika gwangwani biyu da siminti su soka bututun ƙarfe a tsakiya. Ba wanda ya san nauyinsa, ba a iya rage shi, kuma abokai na tsaye suna zuga mutum ya ƙara guda. Mai lafiyayyen baya ma yana kasada, balle mai ciwo.

Matsayarmu ita ce: a fara da inji, amma kada a tare a kansa. Wanda ciwonsa bai daɗe da lafawa ba, ko ba shi da mai nuna masa, ya soma da injunan da ke tallafe baya, da nauyin da zai iya maimaitawa sau goma zuwa goma sha biyar ba tare da ya riƙe numfashi ba, kwana biyu a mako. Idan jiki ya karɓa, ya koma ƙananan ƙarafan hannu, ya koyi sunkuyawa daga kwankwaso yana riƙe nauyi kusa da jiki, ya fara ɗauka daga kan benci kafin ya sauko ƙasa. Ɗan tsamin jiki da ke wucewa washegari ba abin damuwa ba ne. Zafin da ke harbawa zuwa ƙafa, ko wanda ke ƙaruwa kullum, alama ce ta a rage ko a dakata.

Akwai kuma waɗanda ba gidan motsa jiki ya kamata su nufa ba. Duk wanda ƙafarsa ke mutuwa, ko ya daina jin taɓi a matse-matsinsa, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa, ya garzaya asibiti a ranar. Mai ciwon baya haɗe da zazzaɓi da rama da gumin dare ya nemi a bincika masa tarin fuka na ƙashin baya, wanda har yanzu yana nan a yankinmu. Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano da asibitocin koyarwa suna yin irin wannan tantancewar.

Ga masu gidajen motsa jiki kuwa, kiranmu shi ne su tambayi kowane sabon shiga tarihin lafiyarsa kafin su karɓi kuɗinsa, su kuma ɗauki masu horarwa da suka yi karatun aikin. Kaurin damtse ba takardar shaida ba ne.