Ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki: Diyyar tana nan, amma kwana 14 ne farkon magana

Wanda ya san unguwannin masana'antu irin su Sharaɗa, Bompai da Challawa a Kano ya san yadda abin yake tafiya. Inji ya kama hannun lebura, a garzaya da shi asibiti, a yanke yatsu ko hannun baki ɗaya. Kwana biyu sai ga wakilin kamfani da ɗan kuɗi a ambulan, ya biya magani, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Dangi su yi godiya, su ce ƙaddara ce. Bayan 'yan watanni albashi ya tsaya, magidanci ya koma zaman gida da hannu ɗaya da yara biyar.

Ƙaddara gaskiya ce, babu mai jayayya. Amma yarda da ƙaddara ba ya hana mutum karɓar haƙƙinsa, kuma wannan haƙƙi a rubuce yake tun shekarar 2010, a Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata da hukumar NSITF ke aiwatarwa. Dokar ta ɗora wa mai ɗaukar aiki, na gwamnati ko mai zaman kansa, zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wani asusu. Ba a cire ko sisi daga albashin ma'aikaci. Idan rauni ya naƙasa mutum har ba zai sake iya aiki ba, tanadin shi ne a riƙa biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Wanda ya rasa wani sashe na ƙarfinsa, a biya shi gwargwadon asarar. Har hatsarin da ya same ka a hanya tsakanin gida da wurin aiki yana ciki, abin da ma'aikata da yawa ba su taɓa ji ba.

To a ina ake yin asarar? A takarda da lokaci. Dokar ta ce a sanar da mai aikin cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga NSITF cikin kwana 7, sannan a shigar da buƙatar diyya cikin shekara guda. Kwana 14 ɗin nan kuwa su ne lokacin da mutum yake kwance bai san inda kansa yake ba, matarsa na neman jini, ƙaninsa na neman rance. Akwai sassauci idan an tabbatar mai aikin ya san da hatsarin, amma me zai sa ka bar makomarka a hannun shaidar wanda zai so a rufe maganar?

Saboda haka, ɗan'uwa, idan naka ne a kwance, wannan aikin naka ne. Rubuta suna, rana, lokaci da wurin da abin ya faru, ka kai ofishin kamfanin, a sa hannu a kwafin da za ka riƙe. Ka adana rahoton likita da hoton ƙashi da kowane rasit. A nan ne al'adarmu ta ɗauke majinyaci daga asibiti zuwa wurin mai ɗori take cutar da mu. Ko ƙashin ya haɗu, mai ɗori ba ya ba da rahoton da hukuma za ta karɓa. Kuma kada a sa hannu a wata takardar “mun yafe” da ba a karanta ba.

Laifin ba na talaka kaɗai ba ne. Kamfanoni da dama ba sa yi wa leburori rajista, musamman waɗanda ake biya kullum, ga kuma ɗan acaba da bakanike da mai facin taya da tsarin bai kai gare su ba a aikace. Ita ma dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta yi maganar kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, amma ba ta biyan wanda ya ji rauni albashin wata.

A ganina, bai kamata NSITF ta zauna a ofis tana jiran mai sanda ya hau bene ya same ta ba. Ta ajiye jami'i da fom ɗin Hausa a asibitocin ƙashi irin na Dala, inda masu raunin suke kwance tun kwanakin 14 ɗin ba su ƙare ba.