Dakatar da Haƙar Kuza Ba Zai Cike Ramukan Filato Ba

Umarnin da Gwamna Caleb Mutfwang ya sa wa hannu a watan Fabrairu na 2025, wanda ya dakatar da haƙar ma'adinai a jihar Filato, ya ƙara wa wata gurguwar fahimta ƙarfi, wato cewa masu tonon kuza da diga da shebur ne suka lalata ƙasar Jos, kuma da zarar an kore su an dasa itatuwa a gefen ramuka sai a ce an gyara. Wannan magana ba ta yi wa tarihin wurin adalci ba.

Tun farkon ƙarni na 20, lokacin da H.W. Laws ya kafa sansani a Naraguta da sunan kamfanin Neja, aka fara yaye fuskar ƙasa a bakin kogin Dilimi, daga baya kuma manyan kamfanoni irin su ATMN suka shigo da injunan tono masu kwashe ƙasar sama, su binne ta a ƙarƙashin tsakuwa da yumɓu. Fiye da murabba'in kilomita 300 aka birkita ta haka, aka bar tuddan ƙasa da kududdufai masu zurfi da har yau suke cinye yara da dabbobi. Da farashin kuza ya rushe a 1985, ramukan nan suna nan yadda aka tona su. Ba talaka mai kwanon wanke kuza ne ya haƙa su ba.

Batun dashen itatuwa ma an riga an gwada shi. Bayan Dokar Ma'adinai ta 1946, an kafa sashen farfaɗo da filayen haƙa, wanda aikinsa shi ne baje tuddai da dasa itacen turare da aka samo daga Ostireliya, da fatan ƙasar za ta farfaɗo a mayar wa manoma. Binciken da M.J. Alexander na Jami'ar Durham ya yi ya nuna cewa ƙasar da ke ƙarƙashin itatuwan ƙara tsami ta yi, ma'ana sinadaran da amfanin gona yake bukata sun ragu. An shafe shekaru ana kallon ganye ana murna, ba a riƙa ɗibar ƙasa a kai ɗakin gwaji a kan kari ba, alhali bibiyar lafiyar ƙasa, wato auna tsaminta da takinta da gubar da ke cikinta shekara bayan shekara, ita ce kaɗai hanyar sanin ko gyara ya kama.

Waɗanda suka raya wani ɓangare na wannan ƙasa su ne 'yan lambu, masu jan ruwan kududdufi da injin ban ruwa, suna sayen tokar juji da kashin kaji suna zubawa a fangali, har suka fitar da tumatir da karas da kabeji daga yashin da aka yanke wa ƙauna. Su ne kuma aka bari babu mai auna musu dalma a cikin tokar, babu mai faɗa musu cewa yashin da ya rage bayan wankin kuza yana ɗauke da toriyom, sinadarin da ke fitar da tururi mai illa, ga shi ana kwasarsa ana gini da shi.

Masu cewa tsaro ne ya tilasta umarnin gwamnan suna magana ne a kan wata matsala daban. Tushen abin yana Abuja, domin tsarin mulki ya damƙa ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya, ita ke ba da lasisi, ita ke karɓar haraji, sa'annan ta bar wa jiha da manomi ramin. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta tanadi asusun gyaran muhalli da masu haƙa za su riƙa zuba kuɗi a ciki, don haka wajibi ne a bayyana wa jama'a nawa aka tara da kuma fili nawa aka gyara, a Filato da kuma wurin haƙar kwal na Maiganga a jihar Gombe, inda ake yaye ƙasa a yau kamar yadda aka yaye ta a Naraguta.