Goyo Bai Kayar da Clarisse Ba

Akwai wata magana da na gaji da jin ta a bakin masu sharhin wasanni da 'yan zaman majalisa: wai da zarar 'yar wasa ta haihu, to tata ta ƙare, sai ta naɗe tabarma ta koma gida. Masu wannan magana, gani ya kori ji. Ku zo mu duba tarihin Clarisse Agbegnenou, 'yar kokawar judo ta Faransa, wadda iyayenta 'yan asalin Togo ne.

An haife ta a birnin Rennes a 1992, bakwaini, har sai da aka yi mata aikin ƙoda tana jaririya. Ta girma ta mamaye ajin masu nauyin kilo 63. Ta ɗauki kambun duniya a 2014, 2017, 2018, 2019 da 2021. A gasar Olamfik ta Rio a 2016 Tina Trstenjak ta Sulobeniya ta kayar da ita a wasan ƙarshe, ta dawo gida da azurfa. A Tokyo suka sake haɗuwa, ta rama, ta ɗauki zinare.

A watan Yunin 2022 ta haifi 'yarta. A watan Mayun 2023, tana shayarwa, ta je Doha ta ci kambun duniya karo na 6. Goyon ko shekara bai cika ba.

Na san abin da za ku ce: ai a Olamfik ta Faris a 2024 an kayar da ita a wasan kusa da na ƙarshe, tagulla ta samu. To a Rio fa, da ta sha kaye, goyon wa take yi? Kaye abokin kokawa ne, yana kan budurwa yana kan mai jego. Kuma a Faris ɗin ta ci zinare tare da tawagar ƙasarta.

Amma kada mu yaudari kanmu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Clarisse ta dawo fage ne don an ba ta wuri. An yarda ta riƙa zuwa da jaririyarta wurin atisaye, ta shayar da ita a ɗakin ɗumama jiki kafin a kira ta fage. Tana da masu horarwa, da likitoci, da kuɗin shiga da bai yanke ba.

Yarinyar da ta yi fice a wasa a ƙasashenmu, me aka tanadar mata? Ranar da aka ɗaura mata aure ake fara neman wadda za ta maye gurbinta. Mu ne muke rufe ƙofa, sannan mu ɗora wa haihuwa laifi. Hukumomin wasanninmu su rubuta a takardar yarjejeniya cewa mai ciki ba za ta rasa alawus ɗinta ba, kuma gurbinta na jiran ta bayan ta gama wanka. In an yi haka mai jego ta kasa, sai ku dawo mu yi gardama.