Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabar Hukumar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye

Ranki ya daɗe,

Na rubuto ne a kan matan da ke sana'ar abinci a cikin gidajensu a Kano, Zariya, Katsina da Sakkwato: masu ƙuli-ƙuli, yajin daddawa, dambun nama, alkaki da gullisuwa. Jarin yawancinsu kuɗin adashi ne, a madafar gida suke aiki, a WhatsApp suke talla.

Ranar da ciniki ya buɗe wa ɗayarsu, ta kai kayanta babban kanti, abin da za a fara tambayarta shi ne lambar NAFDAC. Kafin ta samu, sai ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ta cike takardu da Turanci a shafinku na NAPAMS, ta biya kuɗi, ta tanadi keɓantaccen wurin aiki da jami'anku za su duba. Matar da ke zaman haya a ɗaki biyu, ina za ta samo wannan? Sai ta haƙura da lamba, ta ci gaba da sayarwa inda babu mai dubawa. Ita ba ta girma ba, mai saye kuma bai tsira ba.

Ba sassauci a kan tsafta nake roƙo ba. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar aflatoksin mai jawo kansar hanta, kunun aya kuwa ba ya jimirin zafi. Wannan ne ma dalilin da ya sa ya kamata matan nan su shigo ƙarƙashin kulawarku.

A 2020 kun yi wa ƙananan masana'antu rangwamen kashi 80 cikin 100 na kuɗin rajista. Mun gode, amma kuɗi ba shi kaɗai ne cikas ba. Ga misalin wata hanya: tun 2013 jihar Kalifoniya a Amurka ta halatta sayar da abincin da ba ya saurin lalacewa daga madafar gida, muddin an rubuta a jikin kayan cewa a gida aka yi su.

Ku buɗe wa matanmu irin wannan hanya. Ku raba busassun kaya da masu saurin lalacewa. Ku tura jami'ai mata su duba madafar kanta, tunda a gidaje da yawa maza ba sa shiga. Ku koyar da tsafta da Hausa, ku fassara takardun rajista, ku ba da lasisi mai rahusa wanda zai ƙaru gwargwadon girman sana'a.

Allah Ya yi miki jagora.

Taki cikin girmamawa,
Wata 'yar ƙasa daga Kano