Jirgin Dutse Na Darjilin Ba Abin Wasa Ba Ne

Ya ku 'yan makaranta, ku ɗauko taswirar Asiya ku nemi ƙasar Hindu, watau Indiya, ku bi da yatsa gabas har Kalkata, sa'an nan ku miƙe arewa sai kun ci karo da duwatsun Himalaya. Can bisa kafaɗar dutse akwai wani gari ana ce da shi Darjilin, wanda ganyen shayinsa ya yi suna ko'ina a duniya. Tun shekarar 1881 wani ɗan jirgin ƙasa ke hawa zuwa garin nan, mutane kuwa sun laƙaba masa suna jirgin wasan yara saboda ƙanƙantarsa. Mu dai ba mu yarda da sunan nan ba. Yau muna so mu ja da masu cewa zamaninsa ya wuce, a tumɓuke shi a huta.

Ku fara jin irin aikin da aka yi tukuna. Faɗin hanyar, daga wannan ƙarfe zuwa wancan, ƙafa 2 ne tak, alhali tsohuwar hanyarmu ta Ikko zuwa Kano ƙafa 3 ce da rabi. Jirgin ya kan taso daga Siliguri, a fili, inda tudun ƙasa bai wuce kamar ƙafa 400 bisa teku ba. Cikin tafiyar kusan mil hamsin sai ga shi a tashar Gum, ƙafa 7,407, kana ya gangara kaɗan ya shiga Darjilin. Maginan ba su tsaya haƙa dogayen ramuka cikin dutse ba, dabara suka yi. Inda hawa ya yi tsanani sai su naɗe hanyar ta kewaya ta hau bisa kanta, kamar yadda a ke naɗa rawani. Mafi shahara cikin naɗin nan shi ne na Batasiya, wanda aka yi a 1919. Inda kuwa ba wurin kewayawa, jirgin ya kan yi gaba ya tsaya, ya hau da baya zuwa wani mataki, sa'an nan ya sāke yin gaba, kamar jaki mai kaya a kan hawa. In raɓa ta sa ƙarfe santsi, akwai mutanen da ke zaune a goshin kan jirgin suna barbaɗa yashi da hannu don ƙafafun su kama. A garin Kursiyon jirgin ta tsakiyar kasuwa ya ke ratsawa, dab da rumfuna. Wa ya taɓa ganin wasan yara irin wannan?

Ba don nishaɗi aka gina shi ba. Kafin zuwansa da amalanken shanu a ke hawa da kaya, har kuɗin shinkafa a Darjilin ya fi ninkin na Siliguri. Wani Bature ma'aikacin reluwe, Franklin Prestage, shi ya kawo shawarar, aka soma aiki a 1879. A zamanin dā jirgin ya kan hau da abinci, ya sauko da shayi, ya ɗauki yara zuwa makarantun kan dutse.

To, me masu suka ke faɗi? Na farko sun ce ba shi da sauri. Gaskiyarsu. Jirgin ya kan ci sa'a bakwai, mota kuwa ta yi tafiyar cikin kamar sa'a uku, har manyan motoci sun daɗe da ƙwace masa dakon kaya. Sun ce kuma kuɗin gyaransa ya fi abin da ya ke samowa, gama ko wace damina ruwa ya kan zaftare gefen dutse ya tafi da hanya. A 2010 ƙasa ta zaftare a Paglajhora, a 2011 kuma aka yi girgizar ƙasa hanya ta sāke yankewa wajen Tindariya, ba a sami jirgi ya bi ta duka ba sai 2015. Duk wannan ba mu musa ba. Amma muna tambaya: masallacin da kakanni suka gina, ko ganuwar gari, ko gidan ajiye littattafai, wanne ne ya taɓa biyan kuɗin yaɓensa? In da ribar shekara kaɗai a ke auna abu, ai makarantar da ku ke zaune cikinta ma da tuni an rufe ta. Mai gaggawa ya hau mota, ba wanda ya hana shi. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Akwai wata suka da ta fi waɗannan nauyi. Waɗansu sun ce jirgin nan kayan masu mulkin mallaka ne, an yi shi don Turawa su tsere wa zafin Kalkata su sha iska, don kuma a kwashe shayi zuwa Ingila, don me mutanen ƙasa za su yi ta ɗawainiya da shi? Lalle da gaskiya cikin maganar. Amma ku tambaya, hannun wa ya sare dutsen? Wa ya ɗauki duwatsu da itacen shimfiɗa a baya cikin hazo da sanyi? Talakawan dutsen ne. Turawa sun tashi tun 1947, kawunan jirgin masu aiki da kwal kuwa, waɗanda aka ƙero tsakanin 1889 da 1925, waɗansunsu na nan suna huci, don maƙeran Tindariya sun gaji aikin gyaransu, wannan ya koya wa wancan. Abin da mutum ya gina da guminsa, ya raine shi shekara ɗari da ɗoriya, ya zama nasa ko da wani ne ya ba da umurni da fari.

A 1999 hukumar ilmi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda a ke kira UNESCO, ta sa hanyar nan cikin kayan gadon duniya. Hanyar Semmering ta ƙasar Ostiriya kaɗai ta riga ta cikin hanyoyin jirgi, da shekara guda. Daga baya aka haɗa mata 'yan'uwa biyu na ƙasar Hindu, ta Nilgiri a 2005, ta Kalka zuwa Shimla a 2008. Nan ne mu ke da magana da wani rukuni dabam, masu tsammanin da an sami takarda aiki ya ƙare. Kai, ina! Takardar nan alkawari ce aka ɗauka gaban duniya, ana kuwa iya karɓe ta, yadda aka karɓe ta birnin Dresden a 2009 da ta Liverpool a 2021. Waɗannan mutane sun fi son ɗan guntun nan na Darjilin zuwa Gum, kamar mil 4, inda baƙi ke biyan kuɗi mai tsoka a kewaya da su a ɗauki hoto, sauran hanyar kuwa ko oho. Mu a ganinmu sun fi masu cewa a tumɓuke ɓarna, gama su ne ke mai da jirgin abin wasa na gaske. Ba hayaƙi aka yaba ba a 1999. Hanyar aka yaba duka, daga fili har ƙwanƙoli, da tashoshinta da maƙerarta. A 2017, lokacin rigimar neman jihar Gorkhaland, aka sa wa tashoshin Sonada da Gayabari wuta. Ko wane ne ya ƙyasta ashanar, kayan kakanninsa ya ƙona. Amma jirgin da ɗan gari ya daina hawa, ya koma na baƙi kaɗai, wa zai fito da dare ya tsare shi? Saboda haka mu ke cewa a riƙe hanyar duka, a bar kuɗin mutanen dutse da sauƙi, a yi ta ɗaukar samari koyon aiki a Tindariya.

Kada ku ce labarin nesa ne. Mu ma mun yi irin wannan jirgi, wanda Turawa suka sa wa sunan Bauchi, ko da ya ke bai taɓa zuwa Bauchi ba. Faɗinsa ƙafa 2 da rabi, ya tashi daga Zariya ya bi Soba da Dutsen Wai da Rahama da Jengre, ya hau tudun Jos ya kai Bukuru a 1914, don dakon kuza. Da babbar hanya ta iso Jos ta Kafanchan a 1927 sai kasuwarsa ta fara ja da baya, a 1957 aka rufe shi, aka kwashe ƙarafan. Hujjar da aka bayar ita ce dai ta masu sukan jirgin Darjilin: ba sauri, ba riba. Wani kan jirgi da 'yan taragu aka kai gidan tarihi na Jos aka ajiye a fili.

Ku da garuruwanku ke kan tsohuwar hanyar nan, in an ba ku hutu ku nemi tsofaffin da suka hau jirgin suna yara, ku tambaye su inda tasha ta ke, da nawa su kan biya zuwa Zariya, ku rubuta ku kawo wa malaminku.