Ra'ayi: Doguwar lasifika a falo, amma me muke saurare da ita?

Wani aminina ɗan kasuwa, mutumin Cadakori da ke zaune a Maraɗi, ya kira ni kwanakin baya in zo in ga abin da ya sayo. Na tarar da lasifiku biyu dogaye a falonsa, kowace ta kai ƙirjin mutum, irin waɗanda ake girkewa a ƙasa su tsaya da kansu. Na hannu ne, kayan Turai, kuma ya biya kuɗin da zai sayi bijimin sa mai kyau. Ya ɗauko waya ya haɗa, ya murɗa har ƙarshe. Tagogi suka ɗauki rawa, kwanon rufi ya fara amsawa. Ya dube ni yana murmushi, yana jiran yabo.

Mahaifinsa, wanda ya zo daga ƙauye ganin likita, yana zaune a kan darduma a gefe. Da hayaniyar ta ishe shi sai ya ce: "Kai Alhaji, in dai Narambaɗa ne wannan, rage shi, ina so in ji 'yan amshi." Aka rage. Tsohon ya karkata kai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce muryar ta fito, amma kotson bai fito ba. Ni dai a ganina, a cikinmu mu uku shi kaɗai ne ya san amfanin abin da aka sayo.

Ba na cikin masu cewa sayen lasifika mai tsada almubazzaranci ne. Mutumin da ya ciyar da gidansa, ya biya kuɗin makarantar 'ya'yansa, yana da damar ya kashe abin da ya rage a kan abin da ransa ke so, kamar yadda wani ke kashewa a kan doki ko tattabaru. Damuwata ita ce yadda muka ɗauka cewa ƙara ita ce inganci. Daga Maraɗi zuwa Gidan Runji, daga Agye zuwa Gazawa, ma'aunin da ake gwada lasifika da shi ɗaya ne: shin ana jin ta a bayan layi?

Waɗanda suka ƙera irin waɗannan na'urori wani abu daban suke nema. Tun 1925, lokacin da injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka fitar da tsarin lasifikar da ake amfani da shi har yau, abin da ake ta fafutuka a kai shi ne sauti ya fito kamar yadda aka ɗauke shi, ba ƙari ba ragi. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga mai girgiza sau 20 a daƙiƙa zuwa mai girgiza sau 20,000. Faifai ɗaya ba ya iya ɗaukar wannan zango duka da kyau, shi ya sa ake raba aikin: babban faifai a ƙasa don sauti mai kauri irin na tambari, matsakaici don muryar mutum da kalangu da goge, ƙarami a sama don siririn sauti irin na kacau-kacau da kaifin algaita. Tsawon akwatin kuwa ba ado ba ne. Yana ba babban faifan iskar da zai yi numfashi, yana kuma kawo ƙaramin daidai da kunnen mutumin da ke zaune a kujera. Ma'ana, an yi ta ne don wanda zai zauna wuri ɗaya ya saurara, lasifikun biyu suna gabansa, nisan da ke tsakaninsu ya yi daidai da nisan da ke tsakaninsa da kowace.

Akwai masu tsadar da hankali ba ya ɗauka. Kamfanin Bowers & Wilkins na Ingila, wanda aka kafa a 1966, ya fitar da samfurin 801 D4 a 2021 a kan sama da dalar Amurka 30,000 kowane biyu, wato kusan sefa miliyan 20, kuma nauyin kowace ɗaya ya kai kilo 100. Irin wannan zuriya ta 801 ce injiniyoyin ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road da ke Landan suka daɗe suna aiki da ita. Ba su zaɓe ta don ta tashi unguwa ba. Suna so ne idan mawaƙi ya ja numfashi a inda bai kamata ba, su ji.

A nan ne ƙaryar kwali take shigowa. Duk wanda ya shiga kasuwa ya ga dogayen akwatuna masu fitilu ja da kore, an rubuta musu wat 3,000 ko 5,000, da haruffan PMPO a gefe. Wannan lamba ba ta da wani ma'auni da aka yarda da shi, talla ce kawai. Lasifikar gida mai kyau, da wat ɗaya tak, tana ba da ƙara kusan dasibel 88 zuwa 90 ga wanda ke tsaye mita ɗaya daga gabanta, kuma wannan ya riga ya wuce abin da mutum zai iya hira a cikinsa. Klipschorn, wadda Paul Klipsch ya fara ƙerawa a 1946 a garin Hope na jihar Arkansas, kuma ake ci gaba da yin ta har yanzu, takan haura dasibel 100 da wat ɗayan nan. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sau biyu, sai an ninka ƙarfin wuta kusan sau 10. Don haka mai gidan da ke amfani da sola da batir, abin da ya kamata ya tambaya shi ne yawan sautin da lasifika ke bayarwa a kan wat ɗaya. Mai shago ba zai so tambayar ba.

Maganar wuta kuwa ba ƙarama ba ce a wurinmu. Wutar da Maraɗi da Damagaram ke sha ta daɗe tana zuwa ta layin da ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, kuma ba a maido ta ba sai bayan da ECOWAS ta ɗage takunkumi a watan Fabrairun 2024. Kowa ya tuna yadda aka koma kan janareta da sola. Amfilifaya mai kyau ba ta son wutar da ke hawa da sauka, kuma ƙaramar inbata mai arha takan sa ta riƙa gurnani. Wanda zai sayi lasifikar miliyan ɗaya ya ƙi sayen sitabilaiza, ya shirya zuwa wurin mai gyara. Ga kuma zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 yana busar da gam da robar bakin faifai, ga ƙurar hunturu, ga gara da ba ta san katakon Turai ba ne.

Sai ɗaki, wanda shi ne rabin lasifika, amma ba wanda ke sa shi a lissafi. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa. A ɗakin da tsawonsa mita 4 ne, sautin da ke girgiza wajen sau 43 a daƙiƙa zai riƙa kai da komo tsakanin bango da bango yana taruwa, ya yi kauri a wani lungu, ya ɓace a wani. Falon zamani da muke alfahari da shi, mai tayil a ƙasa, siminti a bango, gilashi a taga, kwano a sama, shi ne mafi munin wurin saurare, domin duk abin da ke cikinsa mayar da sauti yake yi. Abin dariyar shi ne, soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara, da tabarma a shimfiɗe, irin wanda mahaifin abokina ya baro a Cadakori, ya fi falon ɗansa dacewa da waɗannan lasifiku. Da muka janye su daga jikin bango kamar taku biyu, muka shimfiɗa babbar darduma a tsakiya, muka saki labule, sautin ya gyaru fiye da yadda ƙarin kuɗi zai gyara shi.

Amma kotson Narambaɗa bai fito ba duk da haka, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Lasifika mai kyau ba ta ƙirƙiro abin da babu. Waƙar da ke cikin wayar abokina ta bi hanya mai nisa kafin ta iso gare shi: daga tef na gidan rediyo zuwa kaset, daga kaset zuwa wani kaset, daga nan wani ya juye ta a kwamfuta ya matse ta, aka riƙa turawa daga waya zuwa waya, daga memori zuwa memori a rumfunan masu tura waƙoƙi. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa. MP3 ɗin da aka saba yana da 128, kusan kashi ɗaya cikin 11, kuma da yawa daga abin da ke yawo a wayoyinmu bai kai haka ba. Ƙaramar rediyo takan rufa wa irin wannan asiri. Babbar lasifika tona shi take yi.

Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, wanda Gobirawan Tsibiri da Cadakori ke ji da shi kamar yadda na Sabon Birni ke ji da shi, ya rasu tun farkon shekarun 1960. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Mamman Shata a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. Ba za su dawo su sake rerawa ba. Abin da ya rage shi ne tef-tef ɗin asali da ke ajiye a gidajen rediyo irin su Rediyon Kaduna da Muryar Sahel, wadda ta fara aiki a 1958, da cibiyoyin bincike na Yamai irin su IRSH da CELHTO, da kuma akwatunan tsofaffin masu sayar da kaset. Tef yana lalacewa, injinan da ke karanta shi ma suna ƙarewa. A 2019 hukumar UNESCO ta yi gargaɗi a kan haka ga duniya baki ɗaya. Ina ganin attajiran Maraɗi da ke iya sayen lasifikar miliyoyi su ne suka fi cancanta su sa hannu a aljihu a juye waɗannan tef-tef da kyau, ba tare da matsewa ba, a biya iyalan mawaƙan haƙƙinsu, a sayar wa mai so. Kuɗin lasifika biyu na ƙwarai zai juye waƙoƙi masu yawa. In ba haka ba, za mu ci gaba da sayen na'urar da aka yi don jin numfashin mawaƙi, muna ba ta abin da ya sha wanki har ya koɗe.

Akwai kuma kunnen kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraren sauti mai ƙarfi. Ma'auninta shi ne babba zai iya jure dasibel 80 na awa 40 a mako, amma idan aka kai 90, awa 4 ne kacal. Ƙwayoyin da ke cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Yaron da ke wasa a gaban lasifikar babansa ba shi da bakin cewa a rage. Haka maƙwabci: sauti mai kauri ba ya jin katanga, yana ratsa ta ya iske mai jego, da majinyaci, da ɗalibar da ke karatun jarrabawar BEPC. A gidajenmu da katanga ɗaya ke raba iyali biyu, wanda ya murɗa ya murɗa wa unguwa ne, ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba.

Kafin in tafi ran nan, abokina ya samo wani faifan CD na Shata da ya daɗe a cikin mota. Muka sa shi a hankali, daidai yadda za a iya magana a kai. Kalangai suka rabu, kowane da gurbinsa, muryar ta tsaya a tsakiyar ɗaki kamar mutum na zaune a wurin. Baba bai ce uffan ba har waƙar ta ƙare. Sannan ya tambayi ɗansa ko akwai irin wannan faifan na Narambaɗa. Alhaji ya ce zai sa a tambaya masa a Kano.